Yadda Ake Rubuta Labarin Sojan Zamanin Da: Yaƙi, Mutunci da Ɗaukar Fansa

Farar hula in an zalunce shi yana da hanyoyi: ya kai ƙara, ya bar garin, ko ya yi wa azzalumin kwanton ɓauna. Soja ba shi da ko ɗaya cikin sauƙi. An rantsar da shi, wani ne ke faɗa masa lokacin tashi da lokacin kwanciya, kuma sau da yawa wanda ya cuce shi shi ne wanda dole gobe da safe ya ƙame ya sara masa. Wannan matsin shi ne jarin mai rubuta labarin soja. Rantsuwa na jan jarumin ta nan, gayya na jansa ta can, kuma duk binciken da za ka yi a kan bindiga, tafiya da muƙami amfaninsa ɗaya ne: ya ƙara ɗaure shi har mai karatu ya rasa ta inda zai kuɓuta.

Fara da yanke fili

Kada ka ce za ka rubuta labarin yaƙe-yaƙen Napoleon. Sun ɗauki fiye da shekara goma, sun ratsa daga Fotugal har Mosko. Zaɓi fage ɗaya, shekara ɗaya, bataliya ɗaya, a cikinta ma kamfani ɗaya.

Ga misalin da za mu riƙe har ƙarshe: rundunar Birtaniya ƙarƙashin janar Wellington tana yaƙi da Faransawan Napoleon a Sifaniya, shekarar 1812. A watan Janairu ta ci garin Ciudad Rodrigo. Daga tsakiyar Maris ta yi wa Badajoz ƙawanya, ta afka masa daren 6 ga Afrilu. Ranar 22 ga Yuli ta yi nasara a Salamanca. Da kaka ta kasa cin Burgos, ta juyo da baya cikin ruwa da taɓo da yunwa. Ka ga tarihi ya riga ya ba ka ƙashin bayan littafi: nasara mai tsada, nasara mai daɗi, sannan ja da baya mai ƙasƙanci. Abin da ya rage ka ɗora rigimar mutum biyu a kai.

Bataliyar Birtaniya ta lokacin kamfani 10 ce. A takarda tana kusan mutum 1,000, amma a fagen daga sau da yawa ba ta wuce 500 zuwa 700 ba, don ciwo da rauni sun ci sauran. Kamfani ɗaya ke nan mutum 50 zuwa 70. Mai karatu ba zai riƙe su duka ba. Ba wa mutum shida zuwa takwas suna da hali, waɗanda ke cin abinci tukunya ɗaya da jarumin, sauran su zama fuskoki. Ka kuma shirya tun yanzu cewa aƙalla uku cikin masu sunan ba za su ga ƙarshen littafin ba. In ba wanda ke mutuwa sai marasa suna, mai karatu zai daina jin tsoro tun babi na biyar.

Taswira, kalanda da ciki

Kafin ka rubuta jimla ɗaya, samo taswirar yankin, ka rubuta jadawalin kwanaki: ina rundunar take kowane mako, wane yanayi ake ciki, wata ya kai kwana nawa. Wannan na ƙarshen ana yawan manta shi. In ka sa jarumi ya tsallaka kogi cikin duhu a daren da wata ya cika, mai karatu masani zai kama ka, kuma ana iya duba hasken watan kowane dare na tarihi a intanet cikin minti ɗaya.

Dakaru masu tafiyar ƙasa suna yin kilomita 20 zuwa 25 a rana, kowa ɗauke da kaya kusan kilo 25. Ana iya tilasta musu ninka haka kwana ɗaya ko biyu, amma za a bar mutane zube a gefen hanya. Keken shanu mai ɗauke da guzuri da ƙyar yake yin kilomita 3 a awa, shi ya sa runduna mai sauri takan wuce abincinta. Doki na buƙatar kimanin kilo 9 zuwa 10 na hatsi da ciyawa a rana, ga ruwa lita 30 ko fiye. Lissafa wa doki 500 ka ga abin da ke hana hafsan mahaya barci. Labari kuma yana tafiya ne da saurin doki ko jirgin ruwa. An sa hannu kan sulhu tsakanin Amurka da Birtaniya a birnin Ghent na Turai ranar 24 ga Disamba 1814, amma sojojinsu sun gwabza a New Orleans ranar 8 ga Janairu 1815, don labarin bai iso ba. Wasiƙar da za ta wanke jaruminka tana iya isowa bayan an riga an yi masa bulala. Yi amfani da wannan jinkirin. Marubuci da yawa suna ɓoye shi don kada labari ya yi sanyi, alhali shi ne ke dafa labarin.

San makamin da hannunka

Makami ne ke yanke yadda faɗa zai kasance, saboda haka zauna a nan ka daɗe. Bindigar sojan 1812 ta baki ake ɗura ta, kuma cikin bututunta sumul yake. Soja zai zaro ƙunshin takarda mai albarushi da curin dalma, ya yage bakinsa da haƙori, ya zuba albarushi kaɗan a ɗan kaskon da ke gefen bindigar ya rufe, ya juye sauran cikin bututu, ya cusa dalmar da takardar, ya zaro sandar ɗuri ya danna, ya mayar da sandar wurinta, sannan ya ɗana ya harba. Dutsen ƙyastu ne ke bugun ƙarfe ya ba da tartsatsi. Gwani yana yin harbi uku a minti. Bayan mita 100 samun mutum sai sa'a, shi ya sa ake jera sojoji kafaɗa da kafaɗa su saki wuta lokaci ɗaya.

Daga wannan bayanin abubuwa da dama ke fitowa. Bakin sojan zai yi baƙi da albarushi, ƙishirwa ta dame shi. Yana ɗauke da harsashi 60, wato wutar minti 20 in da zai yi ta harbi ba tsayawa, amma tun kafin nan bututun ya yi datti ɗuri ya fara wuya. Ruwan sama na jiƙa albarushi bindiga ta zama sanda. Dutsen na dakushewa bayan harbi ashirin ko talatin. Kurtu mai rawar jiki yana manta sandar ɗuri a cikin bututu ya harba ta, ko ya yi ta ɗura harsashi kan harsashi bai san na farko bai tashi ba. Hayaƙin baƙin albarushi kuwa fari ne mai kauri, bayan sahu ya saki wuta sau biyu ko uku ba ka ganin abin da ke gabanka taku ashirin. Riƙe wannan hayaƙin, za mu dawo kansa.

In ka matsa gaba a tarihi komai ya sauya. A Isandlwana ta Afirka ta Kudu ranar 22 ga Janairu 1879 sojojin Birtaniya na riƙe da bindigar Martini-Henry mai ɗuri ta baya, duk da haka mayaƙan Zulu kusan 20,000 suka kewaye sansaninsu suka kashe fiye da mutum 1,300. A Omdurman ta Sudan ranar 2 ga Satumba 1898 bindigar Maxim mai sarrafa kanta da igwa sun zubar da mayaƙan Mahadi kimanin 10,000, rundunar janar Kitchener na Birtaniya ba ta rasa mutum 50 ba. Albarushi marar hayaƙi sai tsakiyar shekarun 1880 ya fito. Saka makamin wata shekara a hannun sojan wata shekarar shi ne kuskuren da masu son irin wannan littafi ba sa yafewa.

Laifin da za a rama

Nan ne littattafai da yawa ke karyewa. An saba da mugu ya kashe iyalin jarumi haka kawai, jarumi ya rantse. Wannan bai da nauyi, domin ba ya bukatar soja ko tarihi, ana iya ɗora shi a kowane zamani. Laifin da ya dace da labarin soja yana da sharuɗɗa uku. Ya fito daga cikin aikin soja kansa. Doka ta kasa hukunta shi, ko ma ta goyi bayan mai laifin. Kuma mai laifin ya kasance yana da hujjar da shi kansa ya yarda da ita.

A misalinmu, a ce jarumin saja ne, ƙanensa kuma kurtu a kamfani ɗaya. Daren afka wa Badajoz kyaftin ɗinsu ya ga giɓin ganuwa ya zama mayanka, ya ja da mutanensa baya bai aika wa 'yan gaba ba, aka bar ƙanen da wasu mutum tara a cikin rami. Washegari kyaftin ya rubuta a rahoto cewa su ne suka ƙi bin umarni. An kashe yaron, an kuma ɓata masa suna. Kyaftin zai ce ya ceci mutum arba'in da ran mutum goma, kuma ba ƙarya ya yi ba. Ƙaryar tana cikin rahoton. Yanzu sajan na da abu biyu da yake nema, ran kyaftin da wanke sunan ƙanensa, kuma in ya sami na farko ya rasa na biyu har abada, tunda kyaftin kaɗai ne zai iya janye abin da ya rubuta. Irin wannan ƙulli kake nema.

Sa laifin ya faru a kan idon mai karatu, cikin kashi goma zuwa goma sha biyar na farkon littafin, bayan ka ba shi lokacin da zai so wanda za a kashe. Kada ka ba da shi a matsayin tuna baya.

Mutunci na zamaninsu, ba naka ba

Mutunci a rundunonin zamanin da ba ji ne a zuciya kawai ba. Ƙa'idoji ne da kowa ya sani, kuma sun bambanta bisa muƙami. Hafsan Birtaniya na lokacin yakan sayi muƙaminsa da kuɗi, ba a soke wannan tsari ba sai 1871. In ɗan'uwansa hafsa ya ci masa mutunci, zai aika wakili ya nemi a janye maganar, in an ƙi a fita fito-na-fito da ƙananan bindigogi da sassafe. Doka ta hana, amma wanda ya ƙi fita abokan aiki na iya ƙaurace masa har ya ajiye aiki. Wellington kansa ya yi irin wannan fito-na-fito a 1829 yana firaminista. Hafsan da aka kama a yaƙi yakan ba da kalmarsa cewa ba zai gudu ba, a bar shi yana yawo a gari, kuma karya wannan kalma abin kunya ne ko a wurin mutanensa.

Saja ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan. Ba zai iya ƙalubalantar kyaftin ba, domin a idon tsarin ba tsaransa ba ne. In ya ɗaga masa hannu hukuncin na iya kai wa ga kisa. Shi da na ƙasa da shi bulala ake yi musu a gaban bataliya, ɗaruruwa a wasu lokuta, kuma ba a daina ba sai 1881. Mutuncin ƙaramin soja yana wani wuri dabam: kada ya gudu ya bar abokinsa, kada ya saci rabon ɗan tukunyarsu, kada a ƙwace tutar bataliya yana da rai. Saboda haka kafin ka tsara fansa, tambayi kanka wace ƙofa muƙamin jaruminka ya buɗe masa, wace ya rufe.

Kowace al'umma da nata tsarin. A Japan, bayan an tilasta wa wani basarake mai suna Asano kashe kansa a 1701 saboda ya zare takobi ya sari wani babban bafade mai suna Kira a fadar Edo (Tokyo ta yau), barorinsa 47 sun yi haƙuri kusan shekara biyu kafin su kashe Kira, sannan suka miƙa kansu ga hukuma suna sane da abin da zai biyo baya. A wurinsu biyan farashin yana cikin mutuncin. Kada ka ɗauki jarumi mai tunanin mutumin yau ka sa masa kakin da. Bar shi ya yarda da wasu abubuwan da kai ba ka yarda da su ba.

Me ya hana shi ramawa yau?

Tsakiyar littafin, kusan rabinsa, amsar wannan tambayar ce. Uzuri ɗaya ba zai ɗauke ka babi ashirin ba, sai ka yi ta sauya shi yana ƙara nauyi. Da farko ba shi da shaida. Sai ya sami shaida, mutum ɗaya da ya tsira daga ramin, amma yana asibitin baya, tafiyar kwana takwas. Sai a yi wa kyaftin ƙarin girma bayan Salamanca. Sai kuma abin da ya fi duka zafi: a lokacin ja da baya daga Burgos ya bayyana cewa kyaftin ya iya aikinsa, shi kaɗai ke riƙe da kamfanin kada ya watse, kashe shi yanzu kashe abokan sajan ne. Ba wa maƙiyin aƙalla fage ɗaya da zai yi abin yabo na gaske. Mugun da ba shi da wani alheri ba ya wahalar kashewa, kuma wahalar ita mai karatu ya zo nema.

Rubuta faɗan daga tsayin idon mutum ɗaya

Manyan gwabzawa uku sun isa littafi mai kalma 80,000, kowace da irin tata: hawan ganuwa da dare, karon sahu a fili, faɗan masu tsaron baya. Tsakaninsu sa ƙananan abubuwa, gadi, neman abinci, kwanton ɓauna.

Kai marubuci dole ka san yaƙin gaba ɗaya, ka zana wa kanka inda kowace runduna take awa bayan awa. Jaruminka kuwa bai san komai ba sai taku hamsin da ke kewaye da shi. Ko manya ba sa gani. A Balaclava, a yaƙin Crimea, ranar 25 ga Oktoba 1854 babban kwamandan Birtaniya Lord Raglan na kan tudu yana hango igwogin da yake so a ƙwato, kwamandan mahayansa Lord Lucan na cikin kwari ba ya ganinsu, umarnin da aka rubuta kuma bai fayyace ba, sai mahaya fiye da 600 suka nufi igwogin da ba su ake nufi ba. A Adwa ranar 1 ga Maris 1896 rundunonin Italiya sun yi tafiyar dare da taswira marar kyau, suka rabu da juna, sojojin Menelik na Habasha suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ruɗani irin wannan shi ne ainihin yaƙi. Kuskuren da aka fi yi shi ne marubuci ya bar jarumi ya hau sama yana bayanin ɓangaren dama da na hagu kamar mai karanta rahoto. In mai karatu na bukatar sanin tsarin, sa wani hafsa ya zana shi a ƙasa da tsinke kafin a fara, cikin layi biyar, sannan a shiga hayaƙi.

Kowane faɗa ya zo da ƙaramin buri da za a iya gani: a kai tsani gindin ganuwa, a riƙe gada har rana ta faɗi. Kuma ya sauya wani abu tsakanin jarumi da maƙiyinsa. Faɗan da za a iya cirewa labarin fansa bai girgiza ba, cire shi. Kada ka tsaya inda aka daina harbi. Bayan cin Badajoz sojojin da suka yi nasara sun shafe kusan kwana uku suna wawashe garin da cin zarafin mazaunansa, har Wellington ya sa aka kafa wurin rataya. Labarin mutunci da ya kau da kai daga wannan bai cika gaskiya ba. Nuna inda jaruminka yake a waɗannan kwanakin da abin da ya yi.

Ka kuma bar jarumawa su ji tsoro. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba, kuma sojan da ya taɓa juya baya sau ɗaya ya fi fahimtar kyaftin ɗin da yake farauta.

Rauni da ciwo

Ciwo ya fi harsashi kisa a yawancin yaƙe-yaƙen kafin ƙarni na 20. A yaƙin basasar Amurka kusan kashi biyu cikin uku na sojojin da suka mutu cuta ce ta kashe su. Atini, kwalara da zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa su ne manyan. Maganin sa barci don tiyata sai 1846 aka fara nuna shi, tsabtace rauni da maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma sai bayan aikin likita Joseph Lister na 1867. A 1812 dalmar da ta farfasa ƙashi tana nufin yanke hannu ko ƙafa mutum na ji yana gani, raunin ciki kuwa yawanci ajali ne. Jarumin da aka harba a kafaɗa ba zai hau tsani bayan kwana biyu ba.

Mutanen tarihi na gaske, irin su janar-janar, a bar su a gefe: su wuce a kan doki, su ba da umarnin da tarihi ya tabbatar. Kada ka ɗora musu laifin da ka ƙirƙira, kuma kada jaruminka ya sauya sakamakon yaƙin da kowa ya sani. Don muryar sojoji, karanta wasiƙu da littattafan tunawa da ƙananan sojojin zamanin suka bari. Za ka tarar sun fi maganar takalmi, albashin da aka yi watanni ba a biya ba da ciwon ƙafa a kan maganar ɗaukaka.

Ranar fansa

Dawo da hayaƙin nan. Cikin karon sahu ba wanda zai san bindigar da ta kashe kyaftin, kuma sajan ya san haka tun babi na uku. Damar tana nan kullum, abin da ke sauyawa shi ne farashinta. Fagen ƙarshe dole ya cika sharuɗɗa biyu: jarumin ya zaɓa da kansa, kuma zaɓin ya ci masa wani abu da mai karatu ya san darajarsa. In harsashin Faransawa ya kashe kyaftin daidai lokacin da sajan ke shakka, ka yi wa mai karatu fashi, ka ƙwace masa abin da ya jira babi talatin.

Hanyoyin ba su da yawa. Ya kashe shi ya rasa wanke sunan ƙanensa, ya ci gaba da sa kakin da ya ci amanarsa. Ya ɗauko shi daga taɓo a hanyar Burgos ya tilasta masa sa hannu kan gaskiya a gaban shaidu, ya bar shi da rai da muƙaminsa. Ko ya kai shi kotun soja yana sane da cewa hafsoshi ne za su yi shari'ar hafsa bisa kalmar saja. Kowace ka ɗauka, shuka ta tun farko: wuƙar da za ta yi aiki a babi na talatin a gan ta tana yanka burodi a babi na huɗu, magatakardan da zai rubuta shaidar a san shi tun kafin Salamanca.

Bayan ka gama daftarin farko, yi bita uku dabam-dabam. Ta farko da taswira da kalanda a hannu, kana duba ko wani ya yi tafiyar kwana biyar a kwana biyu. Ta biyu ka ƙirga harsashi da raunuka: wa ya harba sau biyu bai sake ɗuri ba, wa ya warke da wuri. Ta uku ka bi babi-babi kana rubuta a gefe, cikin jimla ɗaya, dalilin da ya sa sajan bai kashe kyaftin a wannan babin ba. Duk inda ka maimaita dalili ɗaya babi uku a jere, haɗe su su zama ɗaya ko ka kawo sabon cikas.